Tarihin Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya koyar da yadda ake taɓa kan da ya fashe

 A filinmu na tarihin magabata, yau mun ɗauko rayuwar wani likita Musulmi da ya rasu fiye da shekara 1000 da suka wuce, Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, wanda Turawa ke kira Albucasis. Mun zaɓe shi ne saboda wani yanki na aikinsa da ya shafe mu ƙwarai, wato raunin kai. Wanda ya faɗi daga moto a hanyar Arlit, da wanda dutse ya faɗo wa a ramin zinariya, da yaron da raƙumi ya kayar, duk haɗari ɗaya suke ciki. Wannan bawan Allah ya rubuta yadda ake tunkarar irin wannan rauni daki-daki, har da zanen kayan aikin, abin da ba a saba gani ba a littattafan likitanci kafinsa.

Garinsu da zamaninsa

Masana tarihi suna sanya haihuwarsa wajen shekarar 936 miladiyya, a ƙasar Andalus, kudancin Sifaniya ta yau. A daidai wannan lokaci ne Halifa Abdurrahman na Uku, wanda ya ɗauki sunan halifa a 929, ya fara gina sabon birnin sarauta mai suna Madinatuz Zahra, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Da sunan wannan birni ake kiran likitan namu Az-Zahrawi. Ana kuma ƙara masa Al-Ansari, alamar cewa zuri'arsa na danganta kanta da Ansaru mutanen Madina.

Andalus tana da nisa da Abzin, amma ba baƙuwarmu ba ce. Mutanenta mabiya mazhabar Malikiyya ne kamar mu, karatun Alƙur'aninsu ruwayar Warshu ce irin wadda yaranmu ke yi a makarantar allo, kuma dinarin da halifofin Ƙurɗuba ke bugawa, zinariyarsa daga ƙasashen baƙar fata ayarin raƙuma ke ƙetaro hamada da ita.

Ƙurɗuba ta lokacin cike take da malamai da littattafai. Sarkin Rum na Ƙusɗanɗiniya ya aiko wa halifa kyautar littafin tsirrai da magunguna na Diyoskoridis da harshen Girkanci, a 951 kuma aka turo wani malamin Kirista mai suna Nikola don ya taimaka wa likitocin fada su warware shi, cikinsu har da likita Bayahude Hasdai ɗan Shaprut. Az-Zahrawi yana matashi ake wannan aiki a garinsu. Da Hakam na Biyu ya gaji mahaifinsa a 961, ya tara ɗakin karatun da babu kamarsa a Turai ta wancan zamani, kuma a zamanin wannan halifa ne, wanda ya yi mulki har 976, sunan Az-Zahrawi ya fito cikin likitocin fada.

Bayan Hakam, ragamar mulki ta koma hannun waziri Al-Mansur, wanda ya yi ta fita yaƙi har rasuwarsa a 1002. Zamani ne na takobi da mashi da kibiya. Shi ya sa idan mutum ya duba rubutun Az-Zahrawi zai tarar da labaran mutanen da ya cire wa kibiya daga fuska, daga maƙogwaro, daga kusa da ido, da bayanin wanda ya warke da wanda bai warke ba. Ya ba da labarin wata baiwa da ta yanke maƙogwaronta da wuƙa, ya duba ya ga manyan jijiyoyin jini ba su taɓu ba, ya ɗinke wurin, ta rayu, sai dai muryarta ta ɗan dushe. Ya kuma rubuta labarin mutanen wani ƙauye da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, ciwon gadon nan da likitoci ke kira himofiliya a yau.

Littafin At-Tasrif

Wajen shekarar 1000, bayan ya daɗe yana aiki da koyarwa, ya kammala littafinsa At-Tasrif liman ajiza anit ta'lif. Ma'anar sunan ita ce shirya ilmin magani domin wanda ba zai iya tattara shi da kansa ba. Littafin kashi 30 ne. Ya yi magana a kan cututtuka tun daga kai har ƙafa, da haɗa magunguna, da abincin marar lafiya. Kashi na 30, na ƙarshe, shi ne na aikin hannu, abin da muke kira tiyata ko fiɗa, kuma shi ne ya ɗaukaka sunansa. Ya raba shi gida uku: na farko lalas da ƙarfe mai zafi, na biyu tsagawa da hudawa da jinyar raunuka, na uku ɗori da mayar da ƙashin da ya goce. A ciki ya zana kayan aiki wajen 200, da yawansu shi ya tsara su.

Bai ɓoye inda ya samo ilminsa ba. Ya ɗauko daga Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, ya kuma dogara sosai da Bulus na tsibirin Ajina, wanda ya rayu a ƙarni na 7. Abin da ya ƙara shi ne abin da idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa.

A gabatarwar kashin tiyata yana kiran ɗalibansa ƴaƴansa. Ya koka cewa aikin hannu ya kusa ɓacewa a ƙasarsu, ya ce dalili shi ne masu yinsa ba su san yadda jikin mutum yake a ciki ba, inda jijiya ta bi, inda ƙashi ya tsaya. Sai ya kawo misalan da ya shaida. Wani jahilin likita ya tsaga ƙari a wuyan wata mata, ya yanke jijiyar jini, ta mutu a hannunsa. Wani kuma, mai cin albashi a gidan wani basarake, ya ɗaure ƙafar wani yaro da ta karye da rauni a jikinta, ya matse ta da karan ɗori tamau, ya bar shi kwanaki yana kuka. Ko da aka kira Az-Zahrawi ya kwance ɗaurin, ƙafar ta riga ta ruɓe, yaron kuma bai tashi ba. Da waɗannan labarai ya gargaɗi ɗalibansa cewa su san abin da ke ƙarƙashin fata kafin su ɗauki aska, kuma su guji aikin da suka san haɗarinsa ya fi amfaninsa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai

To, tun da shi kansa ya ce a fara da sanin jiki, bari mu tsaya mu duba kan mutum kamar yadda likitoci suka san shi a yau, don mu gane abin da yake tsoro.

Daga waje akwai fatar kai, mai yawan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan yanka kaɗan ke wanke fuska da jini. Ƙarƙashinta akwai ƙoƙon kai. Ƙarƙashin ƙashin akwai tantani hawa uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa. Likitocin Larabawa suna kiran na waje uwa mai kauri, na ciki kuma uwa mai laushi, kuma daga Larabci Turawa suka fassara sunayen da suke amfani da su har yau. Tsakanin tantanin akwai wani ruwa garai-garai da ƙwaƙwalwa ke iyo a ciki, shi ke rage mata girgiza.

Ita kanta ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kamar cukun da bai bushe ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka. Idan numfashi ya tsaya minti 4 zuwa 6, ta fara mutuwa. Gabanta, bayan goshi, nan ne tunani da hali da kamun kai. Wajen ƙeya ne ake fassara abin da ido ya gani. Ɓarin hagu ke juya hannu da ƙafar dama, na dama ke juya na hagu, kuma ga yawancin mutane magana a ɓarin hagu take. A can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da lakar da ta bi cikin ƙashin wuya zuwa gadon baya, akwai wani ɗan kututture da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da farkawa.

Ƙoƙon kan babban mutum rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa. Hannu in ya kumbura yana da wurin da zai kumbura. Ƙwaƙwalwa in ta kumbura, ko jini ya taru a kanta, ba ta da wurin zuwa sai ƙasa, ta danne wancan kututture. Wuri mafi rauni shi ne gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini manne da shi ta ciki. In ta tsinke, mutum na iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana, ya sha shayi, har a ce ya tsira, jini kuwa yana taruwa a hankali. Bayan wasu sa'o'i sai barci ya ɗauke shi, barcin da ba a tashi.

Yadda ya karkasa karayar kai

A sashen ɗori, Az-Zahrawi ya ware babi guda a kan karayar ƙoƙon kai. Ya ce iri-iri ce. Akwai saran takobi da ke fige ɓallin ƙashi kamar yadda gizago ke fige itace. Akwai wadda ta ratsa ƙashin har ta kai ga tantani. Akwai rugurgujewa daga jifan dutse ko faɗuwa. Akwai tsaga siririya kamar silin gashi, mai wuyar gani. Akwai kuma wadda ya ce an fi samu ga yara masu taushin ƙashi, inda ƙashin ke lotsawa ciki kamar yadda tasar tagulla ke lotsawa in an buge ta. Likitocin ƙwaƙwalwa na yau sun san waɗannan nau'o'i duka.

Hanyarsa ita ce a aske kan, a buɗe raunin a hankali, a binciki ƙashin da ƙarfen gwaji, a tsayar da jini, sannan a cire ɓallin da ya danne tantani. Ya sa wa aikin wa'adi: in lokacin sanyi ne, kada a wuce kwana 14, in lokacin zafi ne, a gaggauta kafin kwana 7, domin kada tantanin ya lalace. Tun a wancan zamani ya gane cewa raunin kai ba ya jira.

Cikin kayan aikinsa akwai kurfi manya da ƙanana, da wata wuƙa mai kai sumul kamar ƙwayar wake, wadda ake sa gefenta mai santsi ta fuskanci tantani, kaifin kuma ya ci ƙashi. Amma wanda aka fi tunawa da shi shi ne mahujin da ya kira marar nutsewa. Ƙarfe ne mai tsini na huda ƙashi, sai dai kusa da tsinin an yi masa ƙawanya kamar zobe. In tsinin ya ratsa kaurin ƙashi, ƙawanyar ta tokare, ba zai ƙara shiga ba ko da hannun likita ya zame. Ya shawarci ɗalibansa su tanadi irinsa da yawa, gajere da dogo, domin kaurin ƙoƙon kai ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ana jera huda kewaye da ɓallin, a yanke tsakaninsu da kurfi, a ɗaga ƙashin a hankali, ana kiyaye tantani. Injinan huda ƙashin kai na asibitocin yau ma an yi su ne yadda za su tsaya da kansu in sun ratsa ƙashi.

Ya kuma yi bayanin tsayar da jini, ya ce a fara danne bakin jijiyar da yatsa, daga nan a ɗaure ta da zare ko a yi mata lalas. Game da karayar wuya, ya koyar da a duba hannuwan mai rauni, in sun saki, ba ya iya damƙa, an mintsine shi ko an soka masa allura bai ji ba, to lakar ta taɓu. Babin farko na sashen tsagawa kuwa a kan ruwan da ke taruwa a kan jarirai ne. Ya ba da labarin yaron da ya gani kansa na ƙara girma kullum har ya kasa zama, daga baya ya rasu. Bai ɓoye wa ɗalibansa cewa waɗanda ya gani da wannan ciwo ba su rayu ba. A yau ana sa wa irin waɗannan yara siririn bututu da ke janye ruwan zuwa ciki, da yawansu kuma suna girma.

Alamomin da ya lissafa

Az-Zahrawi ya jera alamomin da in an gan su ga mai raunin kai, al'amari ya yi tsanani: aman ruwan ɗaci, jijjiga, gushewar hankali, ɗaukewar magana, suma, zazzaɓi mai zafi, idanu su yi ja su firfito. Shawararsa ga ɗalibansa a nan ita ce kada su sa hannu, domin a ganinsa mai waɗannan alamomi ba ya tashi.

Ya faɗi gaskiyar zamaninsa ne. Ba shi da allurar sa barci, ba a san ƙwayoyin cuta ba, ba ƙarin jini, ba na'urar da ke leƙa cikin kai. Wasu hanyoyinsa, kamar yi wa kai lalas saboda ciwon kai, likitoci sun daɗe da barinsu. A 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin kan marar lafiya da sikana a Landan. A 1974 likitoci biyu a birnin Gilasgo, Teasdale da Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma da yau ake lissafawa daga maki 3 zuwa 15, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, kuma da shi ma'aikatan lafiya ke aiki a ko'ina har yau. Saboda haka jerin alamomin nan nasa yana nan daram, amma ma'anarsa ta sauya. Abin da ya kasance alamar a haƙura, yanzu alamar a tashi mota ne, domin jinin da ya taru a kan ƙwaƙwalwa in an kwashe shi da wuri, mutum na iya komawa gona da kiwo kamar bai taɓa faɗuwa ba.

Ƙarshen rayuwarsa da tafiyar littafinsa

Tsufansa ya zo daidai da rushewar daular da ya yi wa hidima. A 1009 fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba, a 1010 aka wawashe Madinatuz Zahra aka ƙone ta, birnin da bai cika shekara 80 da ginawa ba. Az-Zahrawi ya rasu wajen 1013, yana da kimanin shekara 77. Babban malamin nan Ibn Hazm, wanda ya riske shi da rai, ya lissafa shi cikin manyan likitocin da Andalus ke alfahari da su, ya kuma yabi littafinsa. Almajirin Ibn Hazm, Al-Humaidi, ya sa shi cikin littafinsa na tarihin malaman Andalus.

Birnin ya zama kango, littafin kuwa ya kama hanya. A ƙarni na 12, a birnin Toledo, Gerard na Cremona ya fassara kashin tiyata zuwa Latin. Likitan Faransa Guy de Chauliac, wanda ya kammala babban littafinsa na tiyata a 1363, ya yi ta ambaton Az-Zahrawi a cikinsa. A 1465 likitan Baturke Sharafuddin Sabuncuoglu ya gina nasa littafin a kansa. An buga kashin haɗa magunguna a Venis a 1471, an buga na tiyata da Larabci da Latin a Oksfod a 1778, Lucien Leclerc ya fassara shi zuwa Faransanci a 1861, an kuma fitar da shi da Ingilishi a 1973. Ɗaruruwan shekaru ɗaliban likita a Turai suna karatu da shi. Yau akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba, kangon Zahra kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2018.

Abin da ya rage gare mu a nan

Jama'a, kun san halinmu. Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne, daga Agadas zuwa Yamai, inda manyan likitocin ƙwaƙwalwa suke, fiye da 900. Tun da zinariya ta fito a Jado da Tchibarakaten a 2014, samarinmu da yawa suna kwana cikin ramu, bayan rufe Cominak a 2021 kuma masu neman abinci a kan moto da mota sun ƙaru. Mu da ke wurin lokacin da abu ya faru, mu ne hannun farko da ke taɓa mai rauni. Wannan hannu yana bukatar irin ƙawanyar mahujin Az-Zahrawi, ya san inda zai tsaya.

In mutum ya bugu a kai, a fara duba ko yana numfashi. A ɗauka cewa wuyansa ma ya taɓu: mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, kada a lanƙwasa, kada a ɗaga shi ta hannu da ƙafa. A kwantar da shi kan ƙyaure ko katako, a tokare kan da tsumma ta gefe biyu. In yana sanye da hular kwano, kaske ke nan, a bar ta sai in ta hana shi numfashi. In a sume yake ko yana amai, mutum uku ko huɗu su juya shi kan gefensa gaba ɗaya kamar gungume, kai da jiki tare, don kada aman ya shaƙe shi. Kada a zaunar da shi tsakanin mutum biyu a kan moto in akwai halin samun mota.

Jinin fatar kai a danne shi da tsumma mai tsabta. In an ji ƙashin ya lotsa ko yana motsi, a danna gefen raunin kawai, a rufe tsakiyar ba tare da matsawa ba. Ƙarfe ko dutsen da ya shige kada a zare shi. Kada a zuba ƙasa, toka, garin taba ko baƙin man mota. In jini ko farin ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a toshe, a ɗora tsumma a kai kawai, domin alama ce gindin ƙoƙon kai ya tsage. Wanda bai farfaɗo sarai ba, ba a ɗura masa ruwa, nono ko rubutu, zai tafi huhu ne. In jijjiga ta kama shi, kada a cusa masa cokali a baki, a kare kansa daga buguwa har ta lafa. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak, suna ƙara zubar jini, haka tramol, yana ɓoye alamomi kuma yana jawo jijjiga. Iyayenmu wanzamai da masu ɗori sun san aikinsu a ƙafa da hannu, amma kumburin kai ba na ƙaho ba ne.

Wanda ya tashi da ƙafarsa ma a sa masa ido kwana biyu, kada ya kwana shi kaɗai, kada ya koma rami ko ya hau moto. A tafi asibiti nan take in ya suma ko na minti ɗaya ne, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko maganarsa ta karye, ko ɓarin jiki ya yi sanyi, ko ɗigon baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan faɗi. Ga jariri, a lura da maɗiga in ta kumbura, da ƙin nono, da kukan da ba ya tsayawa. Ga tsoho, jini na iya taruwa a hankali, sai bayan makonni a ga ya fara ruɗewa ko jan ƙafa, a ce tsufa ne ko iska, alhali faɗuwar da aka manta da ita ce. A riƙe lokacin da abin ya faru, a faɗa wa majo a CSI ko likita a asibitin Arlit, domin akwai allurar rage zubar jini da amfaninta ke cikin sa'o'i 3 na farko, kuma da wannan bayani za su yanke shawarar tura shi Agadas ko Yamai.

Ku kuma ƴan uwa na nesa, sau da yawa ku ake fara kira. In an ce wane ya faɗi amma ya tashi yana magana, ku tambaya: ya suma? Ya yi amai? Ya gane mutane? In amsar ɗaya ta tayar da hankali, kada ku ce a bari sai da safe. Ku turo kuɗin mai a daren, a yi addu'a ana tafiya. In za ku aiko tsaraba, ku haɗa da hular kwano ta moto da ta rami. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa ya nuna hular da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwar mai moto da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Rawani yana tare rana da ƙura, amma ba ya tare dutse.

Allah ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya saka masa da alheri kan ilmin da ya bari. Allah ya tsare matafiyanmu da masu aikin rami, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, mu kuma za mu maimaita shirin a rediyo da Hausa da Tamajak. Sai mun haɗu a fili na gaba.